Hukuncin Rufa-Ido a Kan Tabarma

Kowane wasa wanda a ke yin gasa a cikinsa ba ya rasa mai raba gardama, amma wani alƙalancin ya fi wani wuya. A fagen dambe, in hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, ba sai an faɗa wa kowa ba. A kokawa, wanda ya sha ƙasa ƙurar bayansa ita ce shaidarsa. Dara kuwa gurabunta talatin ne, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, duk suna shimfiɗe a fili, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokinsa. A duk waɗannan, abin da alƙali ya gani shi 'yan kallo suka gani, saboda haka in ya karkata, tun bai rufe baki ba taro zai gyara masa zama. Na yi shekaru ina raba 'yan kokawa lokacin kaka a dandalin ƙauyenmu na ƙasar Lausu, ban taɓa jin aikin ya yi mini nauyi ba. Alƙalancin da ya sa ni dogon tunani sai da na yi furfura na gamu da shi, a cikin zaure, bisa tabarma, wurin da ba mai ko tashi tsaye.

Wasan da na ke nufi baƙo ne a ƙasarmu. Sunansa Dungeons & Dragons, watau kamar ka ce gidajen kurkuku da dodanni. Waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Tiga nan kusa da mu. In kana so ka gane shi, ya kai mai karatu, tuna da tatsuniya. A tatsuniya tsohuwa ita kaɗai ke da baki, abin da ta ce Gizo ya yi shi ya yi, yara nasu saurare. A wannan wasa kuwa kowane mai saurare ya kan ɗauki mutum guda daga cikin mutanen labarin ya zama nasa. Wani ya ɗauki mayaƙi, wani maharbi, wani mai magani, wani mai siddabaru. Mai ba da labari, wanda shi ne alƙali, ya kan kwatanta musu wurin da su ke da abin da ya tunkaro su, sa'an nan ya tambayi kowa, "Me za ka yi?" In abin da mutum ya ce zai yi yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan lido a gani. Ɗan lidon da muka saba da shi fuska shida gare shi, amma babban na wannan wasa fuskarsa ashirin. Ba a sa ko kwabo, saboda haka ba caca ba ne. Sihirin da a ke ambata a ciki kuwa bai wuce fatar baki ba, irin na Gizo ne, wanda ya kan ƙare da ƙurunƙus.

Asalin irin wannan alƙali daga wajen soja ya fito. A 1824 wani hafsan sojan Jamusawan Furusiya mai suna Reisswitz ya nuna wa manyansa wani wasan koyon yaƙi da a ke yi bisa taswira. Ɓangare biyu ke karawa, ga kuma mutum na uku a tsakiya wanda ya san inda kowace runduna ta ke, amma ba ya nuna wa kowane ɓangare sai abin da sojansa za su iya hangowa daga inda su ke tsaye. To, ka ga nauyin da ke kan mutumin nan na tsakiya. Shi kaɗai ya san gaskiya duka. In ya so zalunci ba wanda zai kama shi.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a birnin Kano, shi ya zo wa samarin gidanmu da wasan a wani hutu. Suka riƙa taruwa a zaurena bayan sallar lisha, su biyar, shi ne alƙalinsu. Ba su yarda da ƙasashen dusar ƙanƙara na cikin littafin ba, sai suka mai da labarin na fatake, masu komowa daga Gwanja da goro bisa jakuna, suna ratsa dazuzzuka da duwatsu irin namu na Rano. Ni dai ina gefe da buta da carbi, ina jinsu da kunne ɗaya.

A cikinsu akwai autan ƙanena, wanda shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana goye. Bai taɓa shiga langa ba, balle kokawa. Da aka ce kowa ya zaɓi mutuminsa, sai ya zaɓi mai rufa-ido, watau wanda ba shi da takobi ba shi da garkuwa, iyakar makaminsa shi ne ya sa abokan gaba su ga abin da babu. Dare na fari 'yan fashi suka tare ayari, ya ce ya nuna musu rami a gabansu. Alƙali ya ce, "Sun san ƙarya ne, sun taka sun wuce." Dare na biyu ya nuna musu wuta, alƙali ya ce sun gane. Dare na uku haka. Dare na huɗu yaro bai zo ba, har ya daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Da alƙali ya ga haka, sai ya lallashe shi ya komo, ya kuma sakar masa fage. Kome ya nuna sai abokan gaba su ranta cikin na kare. Aka yi dare biyu ba wanda ya zare takobi. Sai wansa, mai riƙe da mayaƙi, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, ni me na zo yi? Ku bar masa wasan shi kaɗai." Shi ma ya fice. A nan ne ɗan ƙanwata ya matso kusa da ni ya durƙusa ya ce, "Kawu, kai ka saba raba gardama. Ka karɓi alƙalancin nan, in ba haka ba zumunci zai lalace a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Na ce masa ba na hukunci a kan dokar da ban ji ba, ya karanta mini ya fassara tukuna. Muka yi kwana uku a kan haka. Abin da na fara lura da shi shi ne, masu wasan da kansu sun daɗe suna fama da wannan matsala. A bugun farko na 1974, in mutum ya gaskata surar da aka nuna masa, raunin da ya ji daga gare ta ya zama rauni sosai cikin wasan, amma da zarar mai rai ya taɓa ta sai ta watse. A 1975 aka ware mai rufa-ido ya zama mai sana'a ta kansa. A bugun 2000 aka kasa rufa-ido kashi biyar, aka ce wanda ya ke sura ce kurum, ko sauya kamannin wani abu, ba ya iya yi wa kowa rauni. A bugun 2014, wanda yaranmu ke bi, aka auna kome da awo. Ƙaramin rufa-ido ko dai sauti ne ko surar abu mara motsi wanda bai wuce ƙafa biyar ta kowace fuska ba, minti ɗaya ya ke yi ya gushe. Na sama da shi ya kai ƙafa goma sha biyar, yana motsi, yana iya kai minti goma muddin mai shi bai ɗauke hankalinsa daga kansa ba, amma ba shi da sauti ba shi da wari. Akwai wanda ya fi wannan, mai sauti da wari da ɗumi, amma ɗumin bai isa ƙona kowa ba. Shekara arba'in ke nan ana gyara, kowane gyara kuwa gardamar waɗansu mutane ce ta haife shi.

Da na gama ji sai na ga ashe ba baƙon abu ba ne a gare mu. Dubi maharbi da kan burtu. Ya kan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓe jikinsa, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci nama. Dabarar tana ci, domin namun daji sun saba ganin burtu yana yawo a cikin ciyawa, ba ya cutar da su. Amma in iska ta juya ta kai musu warin mutum, shi ke nan, aikin ya ɓaci. Kan burtun kuma bai taɓa kashe ko zomo ba, kibiya ce ke kisa. Dubi mutum-mutumin da mu ke kafawa a gonar dawa. Kwanakin fari tsuntsaye na tsoronsa, amma ranar da ɗaya ya sauka a kansa bai ga kome ba, sauran duk sun gane. Dubi kawalwalniya bisa kwalta da tsakar rana a bazara. Mai hankali da wawa duk suna ganinta, sai dai wanda ya isa wurin ya tarar ba ko ɗigo. Daga waɗannan uku na ɗauki hukuncina. Rufa-ido yana cin ido har iyakar inda ido ke aiki, ba ya wuce nan. Duk wanda ya rage masa wannan ya zalunci mai shi, duk wanda ya ƙara masa ya zalunci sauran.

Daren da na karɓi aiki, kafin a jefa ko ɗan lido ɗaya, na zaunar da su na faɗa musu yadda zan yi hukunci, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da aka faɗa bayan an ga wanda za ta kayar, ko daidai ce, wanda ta kayar ba zai yarda da ita ba.

Na ce musu, na fari, abin da na sani nawa ne, ba na ara wa kowa. Ni na san ramin ƙarya ne domin a gabana aka faɗa, amma ɗan fashin da ke cikin labari bai ji ba. Ba shi da ikon yin shakka sai da dalilin da ya gani da idonsa, ko ya ji da kunnensa, ko ya riga ya sani game da wurin. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun ce alƙali ba ya yanke shari'a da saninsa na kansa, sai da shaidar da aka kawo gabansa. In an ɗaure hannun alƙalin gaske haka, ina ga na wasa?

Na biyu, shakka tana da farashi. Faɗa a cikin wasan an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace sakan shida, mu muna ce mata turmi kamar na dambe. A kowane turmi mutum babban aiki ɗaya gare shi. In ya tsaya yana ƙare wa abu kallo don ya gane ko na gaske ne, to, bai kai sara ba a wannan turmi. Ko ya tsaya ɗin ma, ba lalle ya gane ba, sai an jefa ɗan lido. Ga yaron nan namu, lambar da za a nema 13 ce ko abin da ya fi. Fuska takwas ke nan cikin ashirin, watau ɗan fashi wanda ba shi da wani wayo na musamman sau biyu zai gane cikin biyar. Na kuma ce kowace jifa irin wannan a tsakiyar tabarma zan yi ta, gaban fitila, kowa ya ga abin da ya fito.

Na uku, taɓawa ta kashe gardama. In mashi ya ratsa abu ya fita ba tare da ya gamu da kome ba, duk wanda ya ga haka sarai ya gane. Na huɗu kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dokar da ta kare su in sun rufe idon abokan gaba, ita za ta kama su ranar da aka rufe nasu.

Sa'an nan muka shiga labari. Na ce ayari ya iso wani mashigi tsakanin duwatsu biyu, faɗinsa ƙafa goma sha biyu, rana ta faɗi, ga 'yan fashi takwas da karnuka biyu sun biyo sawu. Auta ya yi farat ya ce, "Baffa, zan nuna musu zaki." Na ce, "Kana iyawa, ɗana. Amma mutuminka ya san sana'arsa, saboda haka zan faɗa maka abin da ya sani. Zakin nan ba zai yi ruri ba, ba zai yi wari ba, jakunanku kuma ba za su firgita ba. Mutanen nan 'yan daji ne. Yanzu zaɓi naka." Ya yi shiru, yana murza yatsu. Can ya ce, "To, ba zaki ba. Shingen ƙaya, irin wanda fatake ke kewaye zango da shi, ya toshe mashigin daga dutse zuwa dutse." Na ce madalla.

Ka lura da abin da yaron ya gano. Shingen ƙaya ba ya ruri, ba ya motsi, kuma abu ne da ɗan fashi ya saba gani duk inda fatake suka yada zango. Ba mai hankalin da zai faɗa cikin ƙaya da gudu da magariba don ya gwada ko ta gaske ce. Saboda haka na hukunta suka ja birki. Shugabansu ya tura uku su zagaya ta bayan dutse, tafiyar da za ta ci musu turmi huɗu. Maharbin ayari ya sami turmi guda yana sakin kibiya ba mai mai da masa. Amma kare da hanci ya ke bin sawu, ba da ido ba, sai ɗaya ya kutsa ya wuce. Wan Auta ya ce, "Shi ke nan, asiri ya tonu." Na ce, "A'a, tukuna. Kare ƙaramin abu ne, shinge kuwa ba ya rasa kafa, ga duhu ya fara. Wannan dalilin shakka ne, bai zama tabbaci ba." Ɗan fashin da ke kusa ya bar harbi ya tsaya dubawa. Na jefa a fili, 9 ta fito. Na ce a ransa kare kafa ya samu. Turmi na gaba wani ya duba, 16 ta fito, ya ga shinge ya dusashe kamar hayaƙi, ya yi ihu. Ihu dai ji ne, ba gani ba, sai shugaban ya miƙa mashi ya tsokana, mashi ya wuce sumul. Suka afko.

Shingen nan turmi uku ya saya wa ayari. Da 'yan fashin suka iso gaban mayaƙi, huɗu ne maimakon takwas, gama uku suna bayan dutse, ɗaya kibiya ta kwantar da shi. Wan Auta ya tsaya a bakin mashigi ya yi aikin takobinsa har ya ƙoshi, ya kuma sha sara biyu. Da aka tashi, sai ga su suna gardamar wanda ya ceci goron, kowa na cewa shi ne. Ban raba wannan gardama ba, domin duk biyun suna da gaskiya. Washegari na gan su hannu a kwano ɗaya.

Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, manyan yaƙoƙin duniya kuwa sun gaskata su. A watan Oktoba na 1942, kafin karon Alamen a hamadar Masar, sojan Ingila suka rufe tankokinsu da rumfuna suka zama kamar motocin kaya a arewacin fagen, inda za su kai hari. A kudu kuwa suka jera tankokin ƙarya, suka kuma yi ta shimfiɗa bututun ruwa na ƙarya da garewanin fetur, a hankali, don Jamusawa su zaci harin daga can zai zo, kuma da sauran lokaci. Ba su nuna wa abokan gaba wani abin al'ajabi ba. Abin da hafsa ke sa ran gani suka nuna masa. Saboda haka ni a tabarmata ina tambayar abu ɗaya game da kowace sura: shin mai kallonta ya saba ganin irinta a irin wannan wuri? In ya saba, ba na ba shi dalilin shakka. In kuwa aka tsiro da kogi a kan tudu inda mutumin ya wuce da safe ƙafarsa a bushe, dalili ya samu tun kafin ya matsa.

Wuri mafi santsi ga alƙali shi ne sa'ad da shi da kansa ya ɗana wa 'yan wasa rufa-ido, gama a nan bakinsa shi ne idonsu. In ya ce akwai gada alhali babu, ya yi musu ƙarya, ba wasa ya yi da su ba. Saboda haka ni ban cewa "akwai". Kullum sai in ce "kun ga", ko "kun ji", ko abin na gaske ne ko na ƙarya, don kada canjin lafazi ya tona asiri. Ba na kuma ɗana tarko ba tare da na bar alama ga mai lura ba. Wani dare na sa musu gadar ƙarya bisa kwazazzabo. Na ce sun ga gada ta itace, ganye ya zuba ko'ina a bakin gaɓa amma ba ko ɗaya a kanta, sawun awaki kuma ya zo daf da ita ya karkata. Biyu suka ji suka tsaya. Ɗaya bai saurara ba, mutuminsa ya rufta. Ya ɗago zai yi fushi, sai ɗan'uwansa ya ce, "Ai Baffa ya faɗi zancen awaki." Ya yi dariya ya ce kunnensa ne ya ci amanarsa. Mutum ya kan haƙura da faɗuwa in ya ga inda ƙafarsa ta zame.

Bayan wannan dare sai yaron ya koma wani gefen. Kome na ambata, ko rijiya ko raƙumi, sai ya ce, "Ban yarda ba!" Ban hana shi ba, na bar farashin shakka ya yi aikinsa. Ran nan kura ta fito musu, ya ce bai yarda ba, ya tsaya yana ƙare mata kallo. Na ce, "Ka duba da kyau, ɗana, kura ce sosai, ga shi ta kama cinyar mutuminka." Zaure ya ɓarke da dariya. Tun daga nan ya koyi tambayar dalili kafin shakka. Mai gaskata kome da mai ƙaryata kome duk rami ɗaya su ke faɗawa, sai dai kowa da ranarsa.

Wani zai ce duk wannan dogon zance a kan wasan yara? I, a kansa. Yaron da ke zaune a tabarmar nan gobe shi ne dillali wanda ya san aibin sa mai saye bai sani ba. Shi ne mai awo wanda ya san zurfin mudunsa, shi ne wanda mahaifi zai bar wa amanar gonar marayu. Kowannensu ranarsa na zuwa da zai riƙe sanin da na gabansa ba shi da shi, ba kuma taron da zai gyara masa zama. A fagen kokawa idon jama'a ke tsare alƙali. A irin wannan wuri kuwa ba mai tsare shi sai dokar da ya ɗora wa kansa tun da fari, da jifar da ya yarda ya yi a gaban fitila. Gara yaro ya fara koyon wannan a kan jakunan da babu da goron da babu, inda kuskure bai fi fushin dare ɗaya ba.

Akwai kuma haƙƙin mara ƙarfi. Duniya cike ta ke da fagagen da aka gina don masu ƙafa biyu lafiyayyu da damtse. In aka sami fage guda inda dabara ke da rabo, sa'an nan alƙali ya soke rabon don shi ya riga ya san sirrin, to, ya kori mai dabara ke nan ba tare da ya ce masa tashi ba. In kuwa ya ba shi nasara kyauta don tausayi, ya rena shi, yaro kuwa ya fi kowa saurin gane nasarar da aka ba shi sadaka. Abin da Auta ke nema bai wuce a auna wayonsa da mudun da a ke auna takobin wansa ba.

Yanzu in ɗan ƙanwata ya koma makaranta, ni kuma barci ya rinjaye ni, Auta ke karɓar alƙalanci. Ina jinsa daga ɗaki yana faɗa musu dokoki huɗun nan kafin a fara, yana kuma cewa a matso da fitila tsakiya. Na ji wani dare ya hukunta wa wansa nasara a kan wani boka mai rufa-ido da shi da kansa ya ɓata yini yana shiryawa, domin ɗan lido ya ba da 17 a gaban kowa. Duk wanda aka ba riƙon irin wannan wasa, ko wani abin da ya fi shi, ya faɗi dokarsa tun da wuri, ya ajiye saninsa a aljihu, ya bar wa mai lura alama, ya yi jifarsa a sarari. In ya yi haka, wanda ya faɗi ma gobe zai komo tabarma da ƙafarsa.